Murhun da aka binne a bangon falo

Tun ranar da muka fara zagaya gidan, kafin ma a sa hannu a takarda, idona ya tsaya a kan wani tudun bango a falo. Ya turo cikin ɗakin kamar ƙirjin ingarma, faɗinsa ya kai taku biyu, ya miƙe tun daga ƙasa har silin. An yaɓe shi sumul, an manna masa takardar bango mai furanni. Amma in ka fita waje ka ɗaga kai, daidai saitinsa a kan rufi ga hasumiyar jan bulo da bututun yumɓu huɗu a jere. Ko ba a gaya maka ba, ka san akwai murhun jin ɗumi a cikin wannan bango, wani ne ya toshe bakinsa.

Gidan tsohon ginin jan bulo ne, irin jerin gidajen da aka yi ta ginawa a Ingila a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu a 1901. A wancan lokaci kusan kowane ɗaki da murhunsa, kowane murhu kuma da tasa hanyar hayaƙi har sama, kwal ake ƙonawa dare da rana. Abin da ya juya wa waɗannan murahu baya sananne ne. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar, dubban mutane suka mutu, sai a 1956 aka kafa dokar tsaftace iska wadda ta ba hukumomi ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni. Daga baya gas da bututun ruwan zafi suka shiga gidaje. Murhu ya zama rami kawai mai shigo da sanyi da ƙura, mutane suka bi shi da bulo da katako suka rufe.

Ni da farko sha'awa ce ta ja ni. Uwargida ce ta kawo dalili na gaske. Muna ɓare takardar bangon sai ta dafa wurin da tafin hannu, ta ce, "Maigida, wannan bangon fa gumi yake yi." Na dafa, sanyi ƙalau da laima. Ga wani tabo ruwan ƙasa-ƙasa ya fito ta cikin filasta, ga wari kamar na tsohuwar toka da ruwa ya taɓa. Wanda ya toshe murhun bai bar ko 'yar kafar iska ba. Ruwan sama yana shiga ta bututun da ke kan rufi, iska ba ta zagayawa ta busar da shi, ga kuma kunkunniyar shekara da shekaru maƙale a ciki. Kunkunniyar kwal tana ɗauke da wasu gishiri-gishiri masu jan danshi daga iska, su ne suke ratsa bulo su fito da wannan tabo, kuma ko fenti nawa ka shafa sai ya dawo. Ke nan ko ba mu yi niyyar hura wuta ba, dole a buɗe.

Na kira Yayana, wanda ya daɗe yana aikin gini. Ya zo ranar Asabar da safe, ya tarar na riga na shimfiɗa tamfol, na ɗauki babbar guduma ina gwada nauyinta. Ya dube ni ya dubi gudumar.

"Ajiye wannan. Rushe gidan za ka yi?"

Na ce, "Yaya, ai bulo ne kawai aka jera, bugu uku ya zube."

"Wanne ne aka jera daga baya, wanne ne ke ɗauke da bangon? Nuna min."

Ban iya nuna masa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ya fara yi ya ba ni dariya a lokacin. Ya dunƙule hannu yana ƙwanƙwasa bangon kamar mai sallama, daga gefe zuwa tsakiya, daga ƙasa zuwa sama, kunnensa a kusa. A gefe sautin a daskare yake. A tsakiya sai ya koma kamar ganga. Duk inda sautin ya canja sai ya ɗiga alama da fensir, har alamun suka zana kusan murabba'i. Sannan ya sa muka ɗaga tsohon kafet ɗin da ke gaban bangon. A tsakiyar katakon daɓen sai ga wani falalen kankare, a tsage ta kusurwa ɗaya. Wannan shi ne daɓen murhun na asali, wanda ake yi don kada garwashi ya faɗo kan katako. Faɗinsa ya nuna mana kusan iyakar ramin da muke nema tun ba mu fasa komai ba.

Kafin mu taɓa bango sai da muka rufe ƙofar falo, muka liƙe gefunanta da leda da salatif, muka buɗe taga, kowa ya sa takunkumi da tabarau. Na ɗauka Yaya ya cika tsanani. Da yamma da na ga abin da ya fito daga ramin nan, na gode masa a zuci.

Mun fara da ƙaramin rami ƙasa-ƙasa a tsakiya, inda babu abin da zai iya faɗowa. Cizal da ƙaramar guduma, filasta ta ɓare, sai ga abin da ba mu zata ba. Wani allo ne fari-fari mai kama da siminti aka kafa da ƙusoshi a kan firam na katako, bulon yana bayansa. Yaya ya ɗaga hannu ya ce kada in ƙara bugu ko ɗaya. A shekarun da aka yi ta toshe murahu, allon asbesto ne ake yawan sawa a wurin da ake tsoron zafi, kuma sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya. Muddin yana zaune lafiya ba ya cutarwa. In ka fasa shi ko ka yanka, zarensa da ido ba ya gani ya tashi ya shiga huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru ashirin ko talatin yake bayyana. Muka fesa wa wurin ruwa, muka rufe da leda, muka kira masu gwaji suka ɗebi ɗan guntu.

Kwana biyar muna jira. Falo a rufe, aikin gida duka ya tsaya a kan ɗan ramin da bai fi tafin hannu ba. Raina ya ɓaci sosai, don na ɗauki hutu ne musamman saboda wannan aiki. Sakamako ya dawo babu asbesto. Na ce wa Yaya ka gani, mun yi asarar mako a banza. Ya ce da ya dawo da akwai fa? Na yi shiru.

Da muka cire allon, bulon da ke bayansa ya nuna kansa. An jera shi a gaggauce, da siminti mai tauri launin toka, layukan a karkace, kuma ba a sarƙa shi cikin bulon gefe ba. Tsohon ginin kuwa da kwaɓin farar ƙasa aka yi shi, fari-fari, mai laushi, kana iya kankare shi da ƙusa. Layin da sabo ya haɗu da tsoho a miƙe yake tsaf daga ƙasa zuwa sama. Nan na gane abin da Yaya yake tambayata ranar farko.

Muka zare bulo ɗaya. Iska mai sanyi ta buso ta ramin, da wari mai kama maƙogwaro. Na leƙa da tocila ban ga komai ba sai tarkace cike har baki.

Daga nan Yaya bai bar ni na faɗaɗa ramin ba. Sai ya ɓare filasta a tsaye, siririn layi kamar faɗin hannu, yana hawa sama, yana neman abin da ke ɗauke da nauyin bangon. Wannan shi ne wurin da na fi so mai niyyar irin wannan aiki ya riƙe. Kowane bakin murhu yana da abin da ya tokare bulon da ke samansa: ko linta ta dutse ko kankare, ko katako mai kauri a gidajen da suka fi tsufa, ko bulo da aka jera a lanƙwashe kamar baka. Sai ka gan shi da idonka, ka ga ƙarshensa biyu sun zauna a kan bango mai ƙarfi, sannan ka cire abin da ke ƙarƙashinsa. Akwai gidajen da masu gyaran baya suka cire linta gaba ɗaya, bulon toshiyar ya zama shi ke riƙe da komai.

Namu baka ne. Ya fito a tsayin da ya kai ƙugu, bulo a tsaitsaye, an ɗan lanƙwasa su, a ƙarƙashinsu kuma wata sandar ƙarfe mai faɗi tana tallafe da su. Na tsaya ina kallonsa. Wanda ya jera shi ya san ba wanda zai gani, don filasta za ta rufe, amma tazarar da ke tsakanin bulo da bulo kamar da ma'auni ya yi ta. Sai dai ƙarfen ya yi tsatsa a ɓangaren hagu, ya kumbura, ya ɗaga bulo biyu har wata siririyar tsaga ta hau sama kamar matakala. Da na kai wa wurin nan babbar gudumar da na ɗauka ranar farko, wallahi ban san iya abin da zai biyo baya ba.

Yaya ya zare bulo ɗaya a saman bakan, ya zura ƙarfen tokara, ya ɗaure shi da jak daga ƙasa don ya karɓi nauyin. Sannan muka fara cire bulon toshiya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, muna kankare siminti muna zarewa da hannu. Da layi na uku ya fita sai tarkacen ciki ya sulalo. Baƙar ƙura ta turnuƙe falon har ba na ganin Yaya da ke gabana. Kunkunniya ce lallausa kamar gari, da ɓaraguzan tsohon yaɓe, da guntayen bulo, da ƙirare tuli guda, da busasshiyar gawar tsuntsu. Buhu goma sha ɗaya muka cika a ranar. Duk da ledar da muka liƙe, washegari uwargida ta shafa yatsa a kan teburin ɗakin sama ta nuna min, baƙi ƙirin, ba ta ce komai ba.

A cikin tarkacen muka ci karo da wani guntun bututun jan ƙarfe ya fito daga bangon gefe, an murƙushe bakinsa. Alama ce an taɓa sa hitar gas a wurin. Ba mu taɓa shi ba sai da mai aikin gas mai lasisi ya zo ya gwada, ya tabbatar ba komai a ciki, ya yanke shi daga tushe. Wannan karon ban yi gardama ba.

Bayan an kwashe komai sai muka ga murhun biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Akwai ƙaramin baki mai faɗin inci 16 da tsayin inci 22, da bayansa na yumɓun wuta duk ya tsattsage, an cika gefunansa da ɓaraguzai. Shi kuma yana zaune ne a cikin babban ramin da magina suka bari tun farko, mai faɗin kusan inci 36. Ni babban nake so. Na riga na hango wuta tana ci a wannan faffaɗan rami, bakan bulo a samanta.

Dattijon da muka kira ya share bututun ne ya rushe min wannan mafarki, da fensir a bayan ambulan. Ya ce hanyar hayaƙin irin waɗannan gidaje inci 9 ne ta kowane gefe, wato murabba'in inci 81. Ƙa'idar da magina suka daɗe da ita ita ce bakin murhu kada ya wuce kamar ninki goma na faɗin bututunsa. Babban ramina, 36 sau 36, ya kusa 1,300, ninki goma sha shida ke nan. Bututun ba zai iya zuƙe iskar da wannan baki zai haɗiya ba, hayaƙi zai dawo ɗaki. Wannan babban rami ba a taɓa nufin a hura wuta a cikinsa haka ba. An bar shi ne don a zaunar da murhun ƙarfe a ciki. Ya ƙara da cewa matsalar ba sabuwa ba ce. Tun 1796 wani masani haifaffen Amurka, Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, ya rubuta yadda ya gyara murahun Landan masu hayaƙi ta hanyar rage zurfinsu, karkata gefunansu don su turo zafi cikin ɗaki, da matse maƙogwaronsu zuwa kamar inci 4.

Sharar kanta ta ci rabin yini. Ya toshe bakin da zane, ya riƙa ɗaura sanduna ɗaya kan ɗaya yana tura burushi sama. Da ya kai kamar tsakiya sai abin ya cije. Sheƙa ce. Akwai wani ƙaramin hankaka mai toka-tokar ƙeya da ke son bututun hayaƙi, yana ta jefa ƙirare ciki har wasu su maƙale, ya ci gaba da tarawa a kai shekara bayan shekara. Dattijon ya ce mun yi sa'a kaka ce, tsuntsayen sun tashi. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a taɓa sheƙar da ake amfani da ita, da a bazara muka zo da sai mun jira 'ya'yan sun yi fiffike. Ya sa wata ƙugiya ya riƙa yagowa kaɗan-kaɗan. Buhu huɗu na ƙirare, da gashin tumaki, da guntun igiya.

Sai gwajin hayaƙi. Ya fara ɗumama bututun na 'yan mintuna don iska ta fara hawa, ya kunna wata ƙwaya mai fitar da farin hayaƙi, ya aike ni waje in duba. Hayaƙi ya fito ta bututu na biyu, na yi murna. Kafin in juya sai na ga wani siriri yana fitowa ta na uku ma. Ina shiga gida na ji uwargida daga sama tana kira, "Maigida, hau ka gani!" Ɗakin kwanan da ke saman falo, inda muka shirya sa yara, hayaƙi yana tsattsafowa ta gefen katakon ƙasan bango, a hankali, kamar ana hura shi da baki.

Jikina ya yi sanyi. Hanyoyin hayaƙin nan huɗu a cikin hasumiya ɗaya suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, abin da ya raba su bulo ne mai kaurin inci huɗu da rabi. An yaɓe cikinsu da kwaɓin farar ƙasa, a da har da kashin shanu ake haɗawa don ya yi danƙo. Shekaru fiye da ɗari na zafi da ruwa da tsamin kunkunniya sun cinye yaɓen, su ne ɓaraguzan da muka yi ta kwashewa a buhu ba mu san ko mene ne ba. Farin hayaƙin gwaji ana ganinsa. Abin da wutar gaske za ta tura ta wannan tsaga ita ce iskar kabon monokzayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke shaƙa sau fiye da 200. Mai barci ba ya farkawa ya ce wani abu na damunsa. Kuma ni, Allah ya sani, na yi niyyar in hura 'yar wuta a daren da muka gama kwashe tarkace, don kawai in ga yadda za ta yi kyau. Gajiya ce ta hana ni.

Daga nan shawara ta yanke kanta. Muka fasa buɗaɗɗiyar wuta, wadda dama mafi yawan zafinta sama yake gudu. Muka zaɓi rufaffen murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi, a zaunar da shi a cikin babban ramin, a zuro masa sabon bututun ƙarfe mara tsatsa mai faɗin inci 6 tun daga kan rufi har ƙasa. Haka na samu bakan bulona a bayyane, hayaƙi kuma ya samu hanyar da ba ta yoyo.

Gyaran ramin Yaya ne ya yi, ni ina miƙo kaya. Ya cire ruɓaɓɓen ƙarfen ya sa sabo, ya mayar da bulo biyun da suka ɗaga. Na kawo buhun siminti ya ce in mayar. Tsohon bulo laushi gare shi, siminti ya fi shi tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, in zafi ya buɗa ginin bulon ne zai fashe. Da farar ƙasa da yashi ya kwaɓa, ya cike tsakanin layuka, ya riƙa fesa musu ruwa kwana da kwanaki don kada su bushe da wuri su tsage. Wanke baƙin da ke jikin bulon kuwa ni aka bar wa. Burushi mai tauri, a bushe tukuna, don in ka fara da ruwa kunkunniyar narkewa take ta shige ciki. Kwana uku ina durƙushe a ramin nan. Bai fita duka ba, bangon baya har yanzu da inuwar baƙi daidai inda harshen wuta yake lasa a da. Na so in ci gaba da gogewa, uwargida ta ce in bar shi haka, ya fi kyau.

Daɓen da ya tsage muka fasa muka sake zubawa. Ƙa'idar gini a Ingila ta ce kaurinsa ya kai milimita 125, ya fito gaba da milimita 500, ya wuce bakin ramin da milimita 150 ta kowane gefe. Masu sa bututu suka zo su biyu, ɗaya a kan rufi ɗaya a falo, suka ɗaura igiya suka jawo shi ta cikin lanƙwasar hasumiyar, ya maƙale sau biyu kafin ya sauko. Suka rufe saman ramin da farantin ƙarfe, suka sa wa bututun hula mai raga saboda ruwa da tsuntsaye. Sauran hanyoyi ukun da ba za mu yi amfani da su ba aka sa musu hula mai barin iska, aka huda ƙaramar kafa mai raga a kowane ɗaki, abin da wanda ya toshe su tun farko ya kamata ya yi. Aka kafa na'urar ƙararrawa mai jin iskar guba a falo, na ƙara wata a ɗakin yara ko da ba a ce in yi ba.

Daga ranar da Yaya ya ƙwace min guduma zuwa ranar da aka ba mu takardar shaidar aiki, mako bakwai. Fasa bangon da na ɗauka shi ne aikin, yini ɗaya ya ci a ciki.

Wutar farko ƙarama muka hura, ƙirare kaɗan da guntun itace biyu busassu, don sabon kwaɓi da fentin murhun ba sa son zafi farat ɗaya. Fentin ya yi ɗan wari, muka buɗe taga. Yaya yana zaune a kan bokitin da ya kifa, yana kallon bakan, ba wutar ba. Ni kuwa na kasa zama. Na hau sama na durƙusa a ɗakin yara ina shinshina gefen bango, na sauko, na fita waje cikin sanyi na ɗaga kai. Hayaƙi siriri yana fita ta bututu na biyu, shi kaɗai. Tabon da ke jikin bangon bai tafi nan da nan ba, sai da hunturu ya kusa ƙarewa ya bushe, sannan muka kankare tsohuwar filastar wurin muka yi sabuwa.